Turakun Tsoho a Bakin Layin Dogo

Jawabin da Hamisu Mai-goro ya yi a ƙofar gidan marigayi Tsoho ɗan Kanta, ran sadakar arba'in, a Madarunfa, kakar 1953.

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda ba a ce mishi don mi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin Sarki, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka, ka kai mishi gaisuwarmu. Liman da malamanmu da kunka zauna kan karatu tun hantsi, Allah ya saka da alheri. Masu gari na Safo da na garin Sarkin Yamma, da baƙinmu na Ɗan Issa da sunka bar kasuwa sunka zo, sannunku da hanya. Dattawan Anna, dangin uban marigayi, masu riƙe da al'adar kakanni, mun gan ku can gindin tsamiya, kuma wanga zama naku ne kamar yadda yake namu. Rakiya, mai ɗakin marigayi, na san kina bayan darni cikin takaba, kina jina. Ɗanjuma da Asma'u, ɗiyan Tsoho, ɗiyanmu. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ba malami ba ne, kun sani. Goro nake sayarwa, kuma ko a goron ba a yaba ni da daɗin baki. An tsayar da ni nan ne don cikin waɗanda munka tafi aikin layin dogo tare da Tsoho, ni kaɗai na rage mai numfashi a garin nan.

Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, kada a ce Hamisu na kewaye-kewaye. Inna Inde tana nan cikin mata, na ga sa'ad da anka kamo hannunta anka zaunar da ita. Duk garin nan an sani, tun shekarar sanƙarau ba ta ƙara amsa gaisuwar Tsoho ba. Ɗanta Yaro ya bi mu aikin layi, mu munka dawo, shi bai dawo ba, kuma ta riƙe a ranta cewa yar da shi anka yi cikin daji don ba mai salla ba ne. Tsoho ya mutu da wagga tuhuma a wuyansa. Ya bar mini saƙo zuwa gare ta, ya ce in faɗa gaban mutane. Zan faɗa, Inna. Amma ki yi haƙuri in fara da aikin da yake yi, don in ba ki san aikin ba saƙon ba zai shiga ba.

Shekarar da fara ta cinye gero har kara, munka bar garin nan da ƙafa, munka ƙetara ƙasar Ingilishi neman abin kaiwa baka. Anka ɗauke mu leburanci a wata 'yar tasha kan layin da ya nufi Ƙaura. Sunan tashar ba zan faɗa ba, kuma mai rubutu, kada ka tambaye ni ka rubuta. Masu haƙƙin sani su same ni gida.

Baƙo ko da ido makaho ne. Ran da munka isa, munka ga waɗansu turaku na ƙarfe jere a gefen layi, gajeru, iyakarsu gwiwa, an shafe su da fari fat, da ɗan shuɗi a kai. To mu mutanen Madarunfa ne, mun tashi cikin kusheyin bayin Allah da ke kewaye da tabkinmu, duk abin da munka ga an keɓe an tsabtace, kushewa muke ɗaukarsa. Sule na Sarkin Yamma, Allah ya jiƙansa, shi ya fara tuɓe takalmi. Munka tuɓe duka, munka wuce sumumu muna sallama. Helma, wato shugaban lebura, ya dube mu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ku mutanen Faransa, bututun ruwa kuke gaidawa?" Mu munka ji kunya munka mai da takalma. Tsoho kuwa ya tsuguna gaban turken, ya ce wa helma, "To in ba mutum ba ne a ƙasa, mi ne ne, kuma ƙaƙa anka san shina nan?"

Wagga tambaya ita ta zama sana'arsa. Ba a daɗe ba anka fid da shi daga cikin masu diga anka ba shi bin layi da tukunyar fenti. Daga bakinsa munka koyi abin da ƙasa ta rufe. Turke mai shuɗin kai, bututu ne a ƙarƙashinsa, mai kai ruwa tankin da jirgi ke sha. Mai jan kai, waya ce kwance, wadda tasha ke magana da tasha. Farin dutse mai lamba ba ya rufe komi, nisan hanya kaɗai yake faɗi. Akwatin ƙarfe dogo mai kwaɗo, wayar magana ce ciki, ta ma'aikatan jirgi in ya lalace a daji. Wanda ke kwance daidai da ƙasa da murfi mai nauyi, makunnin ruwa ne. Doka kuwa guda ce, kowane lebura ya san ta kamar sunan uwarsa: inda turke ya tsaya, diga ba ta sauka.

Ya kasance mutum ne mai son a gane abu, ba a ji tsoronsa kawai ba. In sabon lebura ya zo daga gida, kafin ya ba shi ruwa sai ya ja shi bakin layi ya nuna mishi wanga da wancan. Wani mutumen Safo ya taɓa ɗaure jakinsa a jikin akwatin waya, don ya ga ƙarfe ne mai ƙarfi. Tsoho bai yi mishi tsawa ba. Ya kwance jakin, ya ce, "Ɗan'uwa, in jakinka ya ja wanga akwati, Ƙaura za ta kurumce, kuma kai da ni za a tambaya, jakin ba ya jin Turanci."

Ya kasance mai riƙon zumunta ta fuska biyu. An haife shi gidan Anna, ya shiga Musulunci da ƙuruciya, bai taɓa barin salla ba, kuma bai taɓa ƙyamar ƙwaryar ubansa ba. Dattawan da ke gindin tsamiya shaida ne, in ƙarya nake su tsai da ni.

Ya kasance mai taurin kai kuma, kada mu yi wa mamaci ƙarya don ya mutu. In Tsoho ya rufe baki kan magana, ko da muciya ba ka buɗe shi. Rakiya, ke kin fi mu sani. Kin sha fama, Allah ya ba ki lada.

Wata damina ruwa ya cinye gefen layi, anka sa mu haƙa lambatu. Muna cikin haƙa diga ta daki wani abu, shebur ya ɗago, sai ga ƙasusuwan mutum. Wani bawan Allah ne cikin waɗanda sunka shimfiɗa layin tun farko, an rufe shi nan, ciyawa ta shafe wurin, ba wanda ya san sunansa balle garinsu. Ba laifin kowa ba ne, mai haƙa bai san gaibu ba. Munka tattara munka sake rufewa can gefe. Ran nan Tsoho bai ci tuwo ba. Da na matsa mishi ya ce, "Hamisu, bututu na da mai tsaronsa, ɗan Adam ba shi da shi."

Sannan sanƙarau ya zo da bazara. Waɗanda sunka ga wagga shekara ba su bukatar in kwatanta musu. Mutum ya tashi da safe yana cewa wuyansa ya riƙe, kafin rana ta faɗi ya daina gane mutane. Mutanen garin da ke kusa da tasha sunka ji tsoro, kuma ba mu ga laifinsu ba, sunka ce mu rufe namu can wajenmu. Audu na Safo shi ya fara rasuwa cikinmu. Munka haƙa mishi a gabas da layi, munka yi mishi salla, munka rufe. Muna tsaye ana addu'a, kowa na duban tulin ƙasar nan, kowa ya san damina biyu ta ishe ta ɓacewa.

Washegari da hantsi na ga Tsoho ya nufo wurin da guntun ƙarfen layi a kafaɗa, irin wanda anka yar, da tukunyar fentinsa. Ya kafa shi wajen kan Audu, ya shafa fari, ya shafa shuɗi a kai. Na ce, "Tsoho, ka haukace? In anka gane, ba kora kaɗai ba ce, gidan kaso ne." Ya ce, "Ran da munka zo ba kusheyi munka ɗauke su ba? To ga shi sun zama." Ya sa duk wanda ke wurin ya rantse ba zai fid da maganar ba, don ran da ta fita, ran nan za a tumɓuke turakun.

Haka ya yi wa Sule. Haka ya yi wa sauran, namu da na waɗansu garuruwa. Mai duba layi in ya wuce bisa kekensa na ƙarfe, launi kaɗai yake hange, ya ga shuɗi ya san bututu ne, ya wuce. Amma Tsoho ya bar wa kansa shaida. Kowane turke na gaskiya yana da 'yar tsaga da anka yi da zarto, tana duban layi. Nasa turakun ya juya tsagarsu gabas, sunka ba jirgi baya sunka fuskanci alƙibla. Jama'a, tun daga shekarar nan har yau diga ba ta taɓa ko ɗayansu ba. Duk bayan damina ana bi ana sabunta musu fenti tare da na bututu. Audu na Safo, wanda bai taɓa mallakar riga biyu ba, kowace shekara ana yi wa kushewarsa sabon fari.

Yanzu na zo kan Yaro. Inna Inde, ki matso da kunne.

Sa'ad da ciwon ya kama ɗanki, ni ma ina kwance, ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na tarar an rufe shi, ban ga wurin ba. Abin da na ji shi ne an yi gardama. Waɗansu cikinmu sunka ce wanda ba ya salla ba ya kwanciya sahu ɗaya da masu salla. Tsoho bai ja da su ba, ya ce dai, "Ubana ma Anne ne. In ba ku taya ni, ku miƙo mini diga." Mutum ɗaya ya tashi ya kama mishi, wani Shu'aibu, mutumen can ƙasar. Na tambayi Tsoho inda sunka kai shi, ya ce mini wanda bai sani ba ba ya iya faɗi. Na ce muku mai taurin kai ne.

Da munka zo gida ganin dangi bayan damina, Inna, kin tuna, kinka tare shi a bakin rijiya. Ina wurin. Kinka ce, "Tsoho, ina ka sa mini ɗa?" Ya ce, "Inna, na rufe shi da hannuna, shina kwance lafiya." Kinka ce, "Kai ni in gani." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni iyawa." Kinka ce, "To kura ka ba." Kinka ɗauki tulunki kinka wuce, kuma daga ran nan in ya ce ina kwana, sai ki dubi wani wuri.

Ba mu ga laifinki ba. Wace uwa ce za a ce mata ɗanki na nan amma ba ki ganin wurin, ta yarda? Amma ki ji abin da ya hana shi. Ya san ki, ya san al'adar gidanku, don ta gidansu ce. Ya san in ya kai ki ba za ki tsaya daga nesa ki duba ba. Za ki durƙusa, za ki kira sunansa da ƙarfi, za ki zuba gumba, wataƙila ki yanka kaza. Helman wancan lokaci mutum ne mai ido. Tsohuwa na kuka gaban turken bututu, ko yaro ya gani ya san ba bututu ba ne a ƙasa. A tone ɗaya, a tone duka. Tsoho ya auna gaisuwarki da kwanciyar mutanen nan, da ta ɗanki a cikinsu, ya zaɓi ki ƙi shi. Ko bayan ya bar aiki ya dawo gida yana nomansa, kullum ya wuce ƙofarki sai ya gaishe ki, kullum ki yi shiru, kuma na rantse da Allah ban taɓa jin ya ambace ki da mugun baki ba. Abin na cinsa. Ni da nake zama da shi na san yana cinsa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aika anka kira ni, da la'asar, Rakiya na zaune tana yi mishi fifita. Ya ce labari ya zo mishi ta bakin fatake cewa tsohon helma ya bar aiki, Shu'aibu anka naɗa a wurin, wanda ya kama mishi gawar Yaro. Ya ce, "Hanya ta buɗe, Hamisu, ga shi ƙafa ta rufe. Na so in kai Inna Inde da kaina." Sannan ya ce, "Ka faɗa mata gaban jama'a, don gaban jama'a ta ce na ba kura. Ka kai ta. Ta yi kukanta iyakar ƙarfinta, Shu'aibu zai kau da kai."

Ga saƙon, Inna, yadda ya faɗa mini. In an wuce tankin ruwa akwai ɗan tudu, ruwan damina ba ya kwanciya a kai. Bisa tudun akwai turke guda shi kaɗai, mai jan kai, na waya, don an fi tsoron taɓa waya bisa ga bututu. Nan ɗanki yake. An yi mishi rami mai zurfi, an naɗe shi cikin bargon Tsoho, don babu likkafani a sansanin. Na ce wa Tsoho, "To tsagar fa, ina ta duba?" Ya ce, "Na tsaya da ƙarfen a hannu na rasa inda zan juya shi. Layi ba nasa ba ne, gabas kuma bai taɓa fuskanta ba, ba ni yi mishi ƙarya bayan ransa. Sai na tuna kullum da marece in an tashi aiki, yakan tsaya ya miƙa hannu arewa ya ce can Inna take. Sai na juya shi gida."

Inna, duk shekarun nan da kike kwana kina ganin kura, ɗanki na kwance bisa tudu cikin bargo, ke yake fuskanta.

Ku ƙyale ta, mata, kada ku rufe mata baki. Ku ba ta ruwa dai. Wanga kuka ya daɗe yana jiran hanya.

Inna Inde, ba ni da ikon in ce ki yafe, ba a tilasta wa zuciya. Wanda za ki amsa wa gaisuwa ya riga ya wuce inda ba a jin amsa. Amma ga ɗansa Ɗanjuma nan zaune, da murya irin ta ubansa. Gobe da safe zai biyo ta ƙofarki ya ce ina kwana. Abin da kinka ga dama ki yi. Ni kuwa in an gama ɗaurin gero zan zo in ɗauke ki, mu shiga kamiyo, babbar motar kaya, a Ɗan Issa, in cika abin da anka ɗora mini. Dangin Audu da dangin Sule, duk mai so ya shirya, a tafi tare.

Rakiya, ki yi haƙuri. Kin zauna da mutum mai ɗauke da kaya wanda bai iya saukewa ko a ɗakinsa, kinka jure shirunsa ba ki san dalili ba. Yau kin sani. Ɗanjuma, Asma'u, ubanku bai bar muku garke ba, gona ɗaya ce da rumbu. Amma duk inda kunka shiga a ƙasar nan, daga Safo har Sarkin Yamma, akwai gidan da ubanku ya rufa wa asiri, su ma sai yau sunka sani. Ku riƙe dangin kakanku na gindin tsamiya yadda ya riƙe su. Mu kuma mutanen gari, amanar waɗanga yara tana wuyanmu, kuma amanar turakun nan ta fita daga bakin mutum ɗaya ta shiga namu duka. Wanda ya kai ta kasuwa, Allah na ganinsa.

A madadin iyalin marigayi ina gode wa wakilin Sarki, da Liman da malamai, da masu gari, da dattawa, da matan da sunka kwana biyu kan daka da tuya, da duk wanda ya tako da ƙafarsa ko ya aiko. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba da ladan zumunci.

Mu ɗaga hannu. Ya Allah, ga bawanka Tsoho ɗan Kanta ya zo gare Ka, ba shi da komi sai abin da ya aikata. Ka gafarta mishi kurakuransa, na sarari da na ɓoye. In akwai laifi cikin turakun da ya kafa inda babu bututu, Kai ne Ka san abin da ya sa. Ka jiƙan waɗanda ke kwance a bakin layi nesa da gida, Kai Ka san kowa da sunansa da abin da ke ransa. Ka sanyaya zuciyar uwayen da sunka rage. Ka shirya zuriyarsa, Ka ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo. Ya Allah, mutumen nan ya tsare kusheyin bayinka daga diga sa'ad da ba su da mai tsaro. Ka yalwata tasa, Ka haskaka ta, Ka zama Kai ne mai tsaronta.

Amin. Liman, a ja mana Fatiha.